Darasi na 7: Kiwo da lafiyar tsofaffinmu

Yadda za a yi darasin

A raba shi zama biyu, bayan an gama zubi an rufe akwati. Wadda ta iya karatu ta karanta a hankali, ta riƙa tsayawa a ƙarshen kowane sashe domin a tattauna. Idan akwai dattijai mata a unguwa waɗanda ba 'yan ƙungiya ba ne, a gayyace su, a shimfiɗa musu tabarma a gaba. Maganar tasu ce.

Abin da za mu koya

1. Amfanin da kiwo ke yi wa jiki da zuciyar tsoho.
2. Dabbar da ta dace da ƙarfin kowane tsoho.
3. Yadda za a kauce wa cuta da rauni daga dabbobi.
4. Abin da ƙungiya za ta yi don kada a raba tsohuwa da dabbarta.

Gabatarwa

Iyayena mata da 'yan uwana, a darussan da suka wuce mun yi maganar akuya a matsayin jari: nawa aka saye ta, nawa ta ci, nawa aka sayar. Wannan lissafi daidai ne. Sai dai akwai wata riba da ba ta shiga littafin ma'aji, kuma tsofaffinmu ne suka fi cin ta. A zagayen da nake yi na ƙungiyoyi daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya in shiga gidan da akwai tsohuwa ban ga turke ko akurki kusa da ɗakinta ba. Haka kuma na sha jin magana iri ɗaya daga bakin 'ya'ya da surukai: "Inna ta tsufa, a sayar da awakin nan ta huta."

Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka. Amma abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, sau da yawa ranar da aka kwance akuyar daga turke ita ce ranar da tsohuwa take fara zama wuri ɗaya, kuma daga zama sai kwanciya. Dabbar tsoho wani ɓangare ne na lafiyarsa. Aikinmu shi ne mu rage masa nauyin kiwon, mu bar masa kiwon.

Sashe na 1: Me kiwo yake yi wa tsoho?

Na farko, motsa jiki. Ku dubi safiyar tsohuwa mai awaki biyu da kaji. Bayan sallar asuba za ta buɗe akurki, ta watsa tsaki, ta kai ƙasari wurin turke, ta share kashin awaki ta tara a gefe, ta zuba harawa. Da yamma ta sake zagayowa ta ƙirga kaji. A cikin wannan akwai tafiya, akwai sunkuyawa da miƙewa, akwai ɗaukar abu mara nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar. Ta kuma ce ya riƙa yin abin da zai ƙarfafa ƙafafunsa don kada ya riƙa faɗuwa. Tsohuwar ƙauye ba za ta fita atisaye a titi ba, amma za ta tashi don akuyarta na kuka. Wannan motsi yana taimakon mai hawan jini da mai ciwon suga, yana hana gwiwa sandarewa, yana kawo yunwa da barci mai daɗi. Fitowa hantsi kuma yana sa jiki ya samar da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa.

Na biyu, abokin zama. Gidajenmu cike suke da mutane, amma tsoho yana iya zama shi kaɗai a tsakiyar taro. Da damina kowa yana gonar masara ko shinkafa tun safe. Da rani samari sun tafi cirani Kano ko Abuja ko kudu, wasu suna noman rani a bakin ruwan Tiga, yara suna makaranta. Sa'o'inta sun rasu ɗaya bayan ɗaya. Kunne ya yi nauyi, ba ta jin hirar da ake yi a tsakar gida, sai ta daina sa baki. Kaɗaici irin wannan ciwo ne. Yana hana cin abinci, yana hana barci, yana kawo yawan tunani. Saboda girman matsalar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kanta a 2023. To, akuya ta san muryar mai ita. Kyanwa tana zuwa ta kwanta a gefen tabarma. Kaji suna rugowa idan sun ga ƙwarya a hannunta. Idan kun ji tsohuwa tana yi wa akuyarta faɗa kamar mutum, kada ku yi dariya ku ce ruɗewar tsufa ce. Hira take yi, kuma hirar tana yi mata amfani. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda ta fito daga takaba, bayan wata huɗu da kwana goma tana zaune, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa.

Na uku, dalilin tashi da safe. Macen da ta yi shekara hamsin tana ciyar da gida, yau ita ake kawo wa tuwo. Idan ba abin da ke jiran ta, sai ta fara jin ta zama kaya. Amma idan akwai rai da ya dogara da ita, dole ta san yau wace rana ce, saura kwana nawa kaza ta ƙyanƙyashe, wane wata akuya za ta haihu. Wannan lissafi yana wasa ƙwaƙwalwa.

Na huɗu, abinci. Tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki don kada naman jikinsa ya zube, ga shi kuma haƙora sun tafi, nama ya gagara. Dafaffen ƙwai yana da taushi, kuma yana gina jiki sosai. Mun saba mu sayar da ƙwan ko mu bar wa kaza duka. Ina roƙon mu canza: a cikin abin da kazar Inna ta saka, a dafa mata nata. Romon ɗan tattabara ko na kaza ma abinci ne mai kyau ga wanda ya tashi daga jinya.

Na biyar, mutunci. Tsohuwar da ke da akuya tana iya sayen maganinta da goronta ba tare da ta miƙa hannu ba. Tana iya ba jikarta 'yar akuya lokacin aure, ta kai gudummawar suna, ta ba almajiri sadaka. Mai bayarwa yana da baki a gida.

Sashe na 2: Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A ƙasashen Turawa tsofaffi da yawa suna zama a gidajen kula da tsofaffi, inda ake yi musu komai. Can an lura cewa hutu mai yawa yana iya cutarwa.

A 1976 wasu malamai mata biyu a Amurka, Ellen Langer da Judith Rodin, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a irin wannan gida. Sun raba tsofaffi kashi biyu. Kashi na farko aka ba kowa shuka a tukunya, aka ce shi zai riƙa ba ta ruwa, aka kuma bar shi ya zaɓi wasu abubuwa na rayuwarsa da kansa. Kashi na biyu ma aka ba su shuka, amma aka ce ma'aikata za su kula da ita. Cikin makonni kaɗan 'yan kashi na farko suka fi walwala da shiga mutane. Da aka dawo bayan wata 18, waɗanda suka rasu a cikinsu sun kai kamar 15 cikin 100, a ɗaya kashin kuwa kamar 30 cikin 100. Mutanen da aka gwada ba su kai ɗari ba, kuma rai na hannun Allah. Amma darasin a fili yake: shuka ma kenan, balle akuya mai kuka idan ta gan ki.

A 1991 wani likita mai suna Bill Thomas, a jihar New York, ya shigo da karnuka 2, kyanwoyi 4 da ƙananan tsuntsaye 100 cikin gidan tsofaffin da yake aiki. Tsofaffin da suka daina magana suka fara ba ma'aikata labarin tsuntsunsu, ya ci ko bai ci ba. A Ingila kuma, a garin Gateshead, akwai shiri mai suna HenPower, inda ake kai wa tsofaffi kaji su yi kiwo don maganin kaɗaici. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce akwai alamar masu ajiye dabba, musamman kare da ake fita yawo da shi, sun fi samun sauƙin ciwon zuciya, ko da yake ta ja kunne cewa kada a ajiye dabba don kawai neman kariya daga ciwon zuciya.

Kun ga, abin da wasu suke kashe kuɗi su shigo da shi, mu mun gaje shi. Addini ma ya ƙarfafa mu a kai. Malamai suna karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tsohuwar da ƙarfin zuwa gona ya ƙare mata, ƙofar lada ta ciyar da dabba tana nan a buɗe.

Sashe na 3: Wace dabba ga wane tsoho?

Kiwo yana zama magani ne idan ya yi daidai da ƙarfin mutum. Idan ya fi ƙarfinsa sai ya zama wahala.

Mai sauran ƙarfi, tana tafiya ba sanda: akuya ɗaya ko biyu, ko tunkiya. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi da irin tamu ta Kano suna da juriya, cikinsu wata biyar ne, kuma sau da yawa suna haifar biyu. Kada a wuce uwa biyu. Idan suka ƙaru, a sayar ko a ba da kiwo, da yardarta.

Mai ciwon gwiwa ko baya, tana dogara sanda: kaji. Kaza tana kwanci kwana 21. Ana iya sa mata ƙwan zabo da damina, shi kuma yana ɗaukar kamar kwana 28. A ɗaga mazubin ruwa da na tsaki a kan dutse ko bulo don kada ta riƙa sunkuyawa har ƙasa.

Wanda ba ya iya fita tsakar gida sosai: tattabaru. Suna fita su yi kiwo su dawo, ƙwai biyu suke sakawa, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 18. Tsoho yana zaune a ƙofar ɗaki zai watsa musu hatsi ya kalle su. Dattijai maza da yawa sun fi son wannan.

Wadda ido ya yi rauni ko take kwance: kyanwa. Tana kama ɓera, ba ta da wahalar ci, kuma shafa ta kawai yana kwantar da hankali.

Abin da ba na ba da shawara a bar wa tsoho shi kaɗai: ragon layya da aka turke ya yi ƙiba, bunsuru mai faɗa, sa, da jaki mai harbi. Karo ɗaya ya isa. Bayan mace ta daina al'ada ƙashinta yana rage ƙwari, kuma karayar ƙugu a tsufa tana kwantar da mutum wata da watanni, wasu ba sa sake tashi. Idan Baba yana son kiwon rago don Babbar Sallah, a samu saurayi ya riƙa kamawa da ɗaurewa, shi kuma ya riƙa haɗa dusa da ba da umarni.

Sashe na 4: Raba aiki tsakanin tsohuwa da jikoki

A yankinmu wahalar kiwo da damina take. Da zarar an yi shuka ana ɗaure awaki har sai an kawar da amfanin gona, don haka kullum sai an yo ciyawa. Nan kudancin Kano ruwa ya fi yawa, musamman wajen Doguwa da Riruwai. Hanya tana santsi, ciyawa tana tsawo, ga macizai. Wannan ba aikin tsohuwa ba ne.

Aikin yara da matasa: yankan ciyawa, ɗebo ruwa, ɗora harawa a kan rumfa, kwashe taki zuwa gona, kai dabba wurin allura.

Aikin tsohuwa: zuba abinci, ba da ƙasari, duba lafiyar dabba, ƙirga kaji, yanke shawarar sayarwa ko bari.

Ta haka yaro yana koyon kiwo a wurin wadda ta sani, ita kuma ta samu mai zuwa ɗakinta kullum. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu biyu a gaya wa yara. Kada su yanko ciyawa a gefen gonar da aka yi wa feshi kwanan nan, domin gonakin masara da shinkafa yanzu kusan duk ana fesa musu magani, kuma yana kashe akuya. Sannan a tsince leda a tsakar gida, don idan akuya ta ci tana taruwa a tumbinta, ta rame a hankali har ta mutu.

Da kaka kuma a tanadi harawar wake da ta gyaɗa da karmami tun suna araha. A busar da su a inuwa, a ɗora a sama inda ruwa da gara ba za su taɓa ba.

Sashe na 5: Rigakafi ya fi magani

Jikin tsoho ba ya yaƙi da cuta kamar na matashi, don haka a kiyaye waɗannan:

1. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba ko shara, kafin cin abinci. A ajiye buta da sabulu kusa da turke.

2. Dabba ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutum. Na san da hunturu tausayi yana sa a shigo da kaji ko 'yan awaki. A yi musu nasu wurin da zana ko buhu ta gefen da iska ke bugowa. Ƙurar kashin kaji da na tattabara tana tayar da tari da asma. A yayyafa ruwa kafin a share.

3. A gyara wurin turke. Igiya kada ta ratsa hanyar da tsohuwa ke bi zuwa banɗaki ko wurin alwala. A cike ramuka. A ba ta tocila.

4. Duk nonon da aka tatsa, na akuya ko na saniya, a tafasa shi kafin a sha. Akwai cutar da ke sa dabba ɓari, tana kama mutum ta ɗanyen nono, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi.

5. Idan dabba ta yi ɓari ko ta haihu, kada a taɓa mahaifa da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne ta da zurfi. Mai ciki kada ta yi wannan aiki, kada kuma ta kwashe kashin kyanwa.

6. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci ɗaya, kada a yi saurin yankawa a ci ko a kai kasuwa. A sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, ta taɓa Kano, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci.

7. Cizon kare ko yakushin kyanwar da ba a san lafiyarta ba: a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a jira a ga alama. Ciwon haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum ba ya warkewa, amma allura tana hana shi idan an yi da wuri.

8. Allurar rigakafi. Annobar awaki da tumaki mai zuwa da majina, gyambon baki da zawo, wadda likitoci ke kira PPR, tana da allura, kuma guda ɗaya tana kare dabba har shekara uku. Annobar kaji da ta fi tsanani da hunturu, mai sa kaza ta karkace wuya ta yi koren kashi, ita ma tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ana yin waɗannan magunguna a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato. A tambayi sashen noma na ƙaramar hukuma ranar da masu allura za su zo. A kuma ba awaki maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta.

9. Dabbar da aka saya a kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

10. Idan an yi wa dabba allurar magani, a tambayi mai allurar kwana nawa za a jira kafin a ci namanta ko ƙwanta ko a sha nononta.

Kuma kada mu manta: kiwo ba ya maye gurbin asibiti. Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta da zuwa awo. Tsohuwar da ta daina cin abinci, ta daina kula da dabbar da take so, ko ta fara manta ta ba su abinci ko ba ta ba su ba, wannan alama ce. A kai ta a duba ta.

Sashe na 6: Akuyar Inna ta Inna ce

Yanzu mun zo inda ya fi shafar mu 'yan asusu. A gidaje da yawa, idan bukata ta taso, takin zamani ko kuɗin asibiti ko kayan ɗaki, turken tsohuwa ake fara dubawa. Ita kuma kunya da kara ba za su bar ta ta ce a'a ba. Za ta ce, "Ku ɗauka mana, don wa nake kiwon?" A kai kasuwa da alkawarin za a mayar bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce, turke yana nan ba komai.

A shari'a da al'ada, dukiyar mace tata ce, ko miji ko ɗa ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Yardar da aka samu don ta ji kunya kuwa, a sake dubawa. Dalilin kafa ƙungiyar asusu kenan, don a samu inda za a juya ba tare da an karya jarin wani ba. Wannan tsari namu na akwati ya samo asali ne a yankin Maraɗi a 1991, inda ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Dubarar Hausawa ce, mu yi amfani da ita ga iyayenmu.

Gajeren wasan kwaikwayo. Mata biyu su fito, ɗaya suruka, ɗaya matar ɗanta.

Matar ɗa: Inna, sannu da hutawa. Maigidan ne ya ce a gaya miki, kuɗin taki bai cika ba, yana tunanin ko a kai jar akuyar nan kasuwa.

Inna: To, 'yar nan, me zan ce? Ku kai. Allah ya sa albarka.

Matar ɗa: Inna, ni dai ban so ba. Ciki gare ta, kuma na ga yadda kike ji da ita. Ina da hannun jari a ƙungiya. Bari in nemi rance ranar zama, mu biya idan an cire masara.

Inna: Kya iya, 'yar nan? Kada ki ɗauko wa kanki nauyi.

Matar ɗa: Zan iya, Inna, da yardar Allah. In ta haihu kya ba jikanki ɗaya.

Inna: Allah ya yi miki albarka. Ya ba ki masu yi miki.

Bayan wasan a tambaya: me ya sa Inna ta yarda da farko? Idan matar ɗan ba ta cikin ƙungiya, da yaya za ta ƙare? Ta yaya za ta shawo kan maigida ba tare da rigima ba?

Sashe na 7: Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ƙidaya. A rubuta tsofaffin unguwa, maza da mata, a ware waɗanda ba su da ko kaza, musamman gwauraye da waɗanda 'ya'yansu ba sa kusa.

Kiwon zagaye. Mun san al'adar ba da kiwo, inda mai akuya take ba wata ta riƙe, a raba 'ya'ya. Fulanin da muke zaune da su a gefen dajin Falgore da Ɗansoshiya suna da irin tasu mai suna habbanaye: a ba wanda ya rasa dabba aron mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiya ta sayi akuya ko kaji biyu da zakara, ta ba tsohuwa ta farko. Idan aka yaye 'ya'ya, su zama nata, uwar ta wuce wurin ta biyu. Kafin a kai, a tambaye ta ko tana so, da kuma abin da take so. Wadda ba ta taɓa son kiwo ba, kada a ɗora mata.

Lissafi, a matsayin misali. Idan mu 25 ne, kowa ta ƙara naira 100 a mako a asusun taimakon juna, naira 2,500 kenan a mako, 10,000 a mako huɗu, 130,000 a mako 52. Kowace ƙungiya ta duba farashin kasuwarta ta ga abin da wannan zai saya, ta kuma ware wani abu don allura da dusa.

Ƙa'ida a rubuce. A yi ta tun farko a gaban mai unguwa da ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohuwar: uwar ta ƙungiya ce, ba mai sayar da ita, 'ya'yan na tsohuwa ne ita kaɗai. Idan dabba ta mutu ba da sakaci ba, ba a bin tsohuwa bashi. Idan an sace, haka nan.

Rigakafi tare. Kwalbar rigakafin kaji ɗaya tana isar kaji da yawa, kuma idan an buɗe ba ta ajiyuwa. A sa rana ɗaya, unguwa duka a yi tare, a fara da kajin tsofaffi.

Mai ziyara. Kowace tsohuwa a ba ta 'yar ƙungiya ɗaya da za ta riƙa leƙa ta sau ɗaya a mako. Ta duba dabba, ta zauna a gaisa. Sau da yawa zaman ya fi duba dabbar amfani.

Ranar rashi. Idan dabbar tsohuwa ta mutu, kada a ce "akuya ce kawai." A je a yi mata jaje kamar yadda aka saba, a kuma sa ta a gaban layi a zagaye na gaba. Idan kuma rashin lafiya ya kwantar da ita, a riƙe mata dabbar a inda za ta riƙa jin kukanta, a riƙa gaya mata halin da take ciki.

Tambayoyin tattaunawa

1. A gidanku wa yake da dabba cikin tsofaffi? Wa yake yanke shawarar sayarwa?
2. Kun taɓa ganin tsohon da ya canza bayan an raba shi da dabbobinsa? Me kuka lura da shi? Kada a ambaci suna.
3. Wane aikin kiwo ne ya fi wahalar da tsofaffi a garinku, kuma a wane wata?
4. Yaushe aka yi wa awaki da kajin unguwarku rigakafi na ƙarshe?
5. Mu kanmu, idan Allah ya ja kwananmu, me muke so a bar mana?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowace mace ta je wurin tsoho ɗaya, na gidansu ko na maƙwabta. Ta tambaye shi dabbar da ya fara mallaka a rayuwarsa da yadda ya same ta, ta saurara har ya gama. Ta duba wurin turke ko akurki, ta gyara abu ɗaya da zai iya kayar da shi. Sakatariya ta zo da sunayen tsofaffin da ba su da abin kiwo, ma'aji ta zo da lissafin abin da ke cikin asusun taimakon juna, domin mu yanke shawarar wadda za a fara da ita.